Makullin Anti

A wannan cibiya, aiki ba ya roƙon komai. Haka Darakta yake gaya wa baƙi, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana nuna kwamfutoci arba'in da ke huci a ɗakin sanyi. Ka turo lissafi, a yanka shi gunduwa-gunduwa a raba musu, kowace gunduwa ta tarar an ajiye mata adireshin rumbun bayanai da makullin shiga. Ba ruwanta da inda suka fito.

Injiniyar da kowa ke ce wa Anti ta san inda suka fito. Ranar buɗe cibiyar, shekara shida ke nan, makullin shiga rumbun na ofis bai samu sa hannun manya ba. Darakta ya ce, "Anti, sa naki mana kafin Litinin." Ta sa nata a fayil ɗin saiti. Tun daga ranar, duk aikin da ya gudana da sunanta yake shiga. Sau tara tana rubuta takardar tuni a sauya makullin.

Wata Laraba, Darakta ya so burge baƙi, ya tura aikin share tsofaffin fayiloli da hannunsa, bai duba inda saitin ya dosa ba. Cikin minti huɗu kwamfutocin, bayin Allah masu biyayya, suka cinye binciken shekara biyu na sashen noma.

Kwamiti ya zauna. Rajistar kwamfutocin ta nuna sunan Anti sau dubu goma sha ɗaya.

"Malama, sunanki ne ko ba naki ba?" in ji shugaban kwamitin.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma lokacin ina asibiti wajen mahaifiyata."

"To aljani ne ya ara?"

Aka yi dariya. Darakta yana nazarin silin. Ta miƙa takardunta tara, shugaban ya karanta a nutse, ya ce madalla, ga shaida ta san haɗarin kuma ta ci gaba.

Aka yanke mata dakatarwar wata shida.

Tana naɗe hoton 'ya'yanta a jarida Darakta ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti, kar ki taɓa makullin nan fa. In ya mutu komai ya tsaya, kuma gobe sashen lafiya na da lissafin allurar jarirai."

Ta dube shi har sai da ya gyara wuyan rigarsa. Ta san lissafin, ita ta tsara shi.

"To, ranka ya daɗe."

A bakin ƙofa maigadi ya karɓi katinta na aiki, ya ce ta yi haƙuri, umarni ne. Ta buɗe masa jakar ya duba.