Gahawar Alhaji Labbo

A Nahuce, idan baƙo ya tambayi gidan Alhaji Labbo, ba a yi masa dogon kwatance, cewa ake yi ya bi ƙamshi. Mutanen garin koko suke sha da safe, masu hali su sha shayi. Shi kaɗai ne mai gahawa, kuma ba irin ta gwangwani da ake zuba wa ruwan zafi ba. Ɗanyar ƙwaya yake saye wurin wani ɗan Chadi a kasuwar Gusau. Da ya dawo daga sallar asuba sai ya hura gawayi, ya soya ƙwayar a ɗan kasko har ta yi baƙi tana maiƙo, ya daka ta da citta a ƙaramin turmi, ya dafa a wata 'yar butar ƙasa mai dogon wuya. Takan fito baƙa wuluk, ga ɗaci ga yaji, sai an cika mata sukari.

Wasila, autarsa, da ƙarar turmin nan ta girma. Shi ke tashinta tun kafin a tashe ta. Mahaifiyarta, marigayiya Salma, kullum sai ta yi mitar hayaƙin yana sa ta tari, amma kullum sai ta jawo kujerarta kusa da wutar ta miƙa hannu a ba ta finjalinta, ɗan kofin gahawa. Yara kuwa ba a ba su, sai ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani. Ranar saukar Wasila, da uban ya miƙo mata, ta kurɓa ta ji kamar an ƙona mata harshe. Ta daure ta shanye, hawaye na zuba, shi kuma yana dariya har da riƙe ciki.

A bakin wutar nan suka ji duk labaran tafiyarsa. Yana saurayi suka kama hanyar Makka ta ƙasa, shi da wansa Umaru, daga wannan mota zuwa waccan, suna aikin gona a hanya don samun guzuri. Yakan ba su labarin rairayin da ya binne tayar mota, da ƙishirwa, da mutanen da suka ciyar da su ba su san su ba. Umaru can ya rasu, shi ya dawo da gahawa da sunan Alhaji. Idan aka tambaye shi yadda ɗakin Ka'aba yake, sai ya girgiza kai ya ce abin ba ya faɗuwa, sai wanda ya gani.

Da 'ya'yan suka girma, Kabiru, yayan Wasila, mai sayar da hatsi a Bungudu, ya sha yi masa tayin kujerar Makka. Kullum amsar ɗaya ce: ya sauke farali, a ba wanda bai je ba. Mutane suna yaba masa wannan hali.

Wasila ta zama ma'aikaciyar jinya a Gusau, ta yi aure can. Shekarar da Allah ya kira ta aikin Hajji, tana sauka ta fara neman gahawar babanta. Abin da aka miƙo mata ya ba ta mamaki. Ruwa ne tsararo mai launin ƙasa-ƙasa, babu sukari, babu citta, sai ƙamshin wani ɗan ƙwaya da suke kira hel, ana haɗawa da dabino. Duk inda ta je ita ake sha. Da farko ta ƙi ta, daga baya ta saba. Da za ta dawo ta sayo wa babanta buta ta ƙarfe mai ruwan zinari, da finjalai, da garin gahawar, tana ta murnar za ta tuna masa da ƙuruciya.

Kwana kaɗan da saukarta ta tafi Nahuce. Gida ya cika da 'yan barka da sauka. Bayan la'asar abokan Alhaji Labbo suka shigo tsakar gida su yi wa 'yarsu addu'a, cikinsu har da Alhaji Lawwali, amininsa tun na yarinta, wanda ya je Makka ba sau ɗaya ba. Wasila ta dafa gahawar da kanta, ta durƙusa ta zuba wa kowa, ta fara da mahaifinta.

Ya kurɓa, ya duba cikin finjalin, ya ce, "Wasila, wanga ruwan mi ne? Kin manta ba ki sa gahawar ba?"

Aka yi dariya. Wani daga cikin dattawan ya ce ai wannan ita ce gahawar Makka sak, ƙamshinta ma ya mayar da shi Harami. Alhaji Labbo ya ce a zamaninsu dai ba haka take ba. Wasila tana cikin farin ciki, kuma ta saba wasa da uban yadda sauran 'ya'yan ba su isa ba. Ta tambaye shi unguwar da suka sauka. Ya ce an daɗe. Ta tambaye shi ko a lokacinsu da ƙafa ake zuwa Arfa. Ya ce haka ne, yana kallon tabarma. Ba ta lura ba. Ta yi dariya ta ce, "Baba, anya kuwa ka je Makkan nan?"

Babu wanda ya taya ta dariyar. Gahawar da ke hannun tsohon ta zube a kan farar rigarsa. Alhaji Lawwali ya yi maza ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha, magariba ta kusa, alhali rana na nan da sauranta. Suka shafa, suka fita. Mahaifinta ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule.

Washegari ba ta ji turmi ba. Da ta je gaishe shi ya amsa daga ciki, ya ce ta gaida yara. Ta koma Gusau. Ta san ta yi rashin ladabi, amma ba ta ga abin da ya kai haka ba. Bayan mako guda Kabiru ya kira ta ya ce Baba ya daina zama ƙofar gida, daga masallaci sai ɗaki, butar gahawa ma an kife ta. Ya tambaye ta me ta gaya masa. Ta kau da zancen.

Mahaifin yana da ƙanwa, Gwaggo Luba, wadda ta yi aure a 'Yandoto, ta koma cikin Tsafe wurin ɗanta da zaman ƙauye ya gagara. Wasila ta ɗauki tsarabarta ta kai mata. Bayan gaisuwa ta kwashe abin da ya faru ta gaya mata. Gwaggo ta daɗe tana murza carbin da aka kawo mata, sannan ta ce, "Magana zarar bunu ce, ɗiyata. Tunda kin zaro, zauna ki ji sauran."

Gwaggo ta ce Labbo da Umaru ba su kai Makka ba. A wani gari cikin Sudan ciwo ya kama Umaru, Labbo ya yi jinyarsa har abin hannunsu ya ƙare, ya rasu, ya binne shi a can. Ba shi da na gaba, ba shi da na baya. Wani mai gahawa a bakin tasha ya ɗauke shi aiki, yana soya masa yana daka, har shekaru suka ja kafin ya sami hanyar gida. Ranar da ya shigo Nahuce, yara suka ruga suna cewa ga Alhaji. Innarsu ta fito ba ko mayafi, ta duba bayansa ba ta ga Umaru ba. Ya ce mata Allah ya yi masa rasuwa. Ta tsaya kamar za ta faɗi, sannan ta ce, "A Makka?" Ya dubi fuskarta ya ce, "A Makka." Nan ta faɗi ta yi sujada. Har ta mutu abin da take riƙe da shi ke nan, cewa ɗanta na kwance a ƙasa mai tsarki.

Ita Gwaggo, ranar da aka binne Inna ya gaya mata. Ta ce masa to yanzu ai sai ya faɗa wa mutane. Ya ce gobe. Goben ce har yau. Alhaji Lawwali ma ya sani, don da ya je nasa aikin ya bincika wurin 'yan Zamfara mazauna can, babu wanda ya taɓa ganinsu, ya dawo ya yi shiru da bakinsa. Salma ma, Gwaggo tana jin ta sani.

Wasila ta sunkuyar da kai. Sai ta ga kanta durƙushe a gaban dattawan nan, da sabon haƙorin Makka a bakinta, tana dariya. Mutanen da suka rufa wa mahaifinta asiri tun ba a haife ta ba, ita ce 'yar cikinsa ta tona shi a gabansu. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A ƙarƙashin wannan kunyar kuma akwai wata da ta fi ƙin ji, kunyar abin da shi ya yi. Ta tuna yadda take cika baki a makaranta cewa babanta da ƙafa ya je Makka.

Ba ta iya zuwa Nahuce nan da nan ba. Sai da ta yi kwanaki tana ɗaukar jaka tana ajiyewa. Ranar da ta je, da hantsi ta same shi a ɗaki kan buzu, ya rame. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ita ba ta ɗaga kai ba, shi ma bai ɗaga ba.

Can ya ce, "Kin tahi Tsahe."

Ta ce ta je. Ta fara ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfinta. Ya ce ta bari, ba ta faɗi ƙarya ba. Ya ce maganar da ya yi wa Inna, yana fatan Allah ya dube ta da rahama. Abin da ke hana shi sakewa shi ne na bayanta. Mata sun kawo masa jarirai ya tofa musu addu'a don ya tsaya Arfa, ya tofa. Masu niyya sun zo neman shawara, ya ba su. Kabiru ya kawo masa kujera har gida, ya mayar.

"Na ji kunyar mutanen Nahuce hiye da yadda na ji kunyar Allah," in ji shi. "Ga shi tsuhwa ya zo, farali na wuyana."

Daga baya ya ce ta hura masa gawayi, kansa na ciwo tun da ya daina sha. Ta hura, ta ɗauko butar ƙasar ta wanke. Hannunsa ba ƙarfi, sai ita ta soya, yana gaya mata lokacin da za ta sauke. A nan ya faɗa mata sunan mai gahawar, Abdullahi, gurgu ne, ya ce bai taɓa cin abinci bai raba da shi ba. Ya ce duk safiya idan yana daka, shi da Umaru yake tunawa, ya yi musu addu'a. Bai taɓa ambatar mutumin ga kowa ba, don ambatarsa zai jawo tambayar inda ya zauna. Butar da Wasila ta kawo masa kuwa tana nan ajiye a gefe, ko ledarta ba a cire ba, kuma babu wanda ya yi zancenta.

Kafin ta tafi ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai yadda za a yi mutum ya tafi Hajji ta Gusau ba tare da an sani ba. Ta ce za ta bincika. Ta yi magana da Kabiru. Da ya ji komai, ya ce a fara shiri. Tafiyar dai ba ta ɓoyu ba, gari ya ɗauka Alhaji zai ƙara na biyu, ana ta yi masa murna, yana amsawa da kai. Bitar maniyyata kuma a Bungudu aka sa ta.

Ranar bitar Wasila ta zo daga Gusau ta raka shi, ta zauna ɓangaren mata. An kafa wani ɗan ɗaki da katako a tsakiyar fili, an lulluɓe shi da baƙin yadi don koyon ɗawafi. Malamin bitar, wanda tun yana yaro ya san Alhaji Labbo, ya ce waɗanda suka taɓa zuwa su fito gaba su ja sauran. Mutum kaɗan suka fito. Malamin ya waiga ya hango shi a zaune, ya ce a lasifika, "Baba Alhaji, bisimilla. Kai ne babbanmu, kai da ka je da ƙafa."

Wasila tana kallo ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya tsaya har aka fara waigowa.

"Malam," ya ce, "ban taɓa zuwa ba. Wanga shi ne na hwari."

Lasifikar ba ta kusa da shi, amma na kusa sun ji, suka faɗa wa na bayansu. Maganar ta bi layi har ta iso ɓangaren mata. Wata da ke gefen Wasila ta tambayi maƙwabciyarta me ya ce, aka zungure ta, aka nuna mata Wasila da ido. Wasila ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, amma ba ta tashi ba.

Malamin ya yi gyaran murya, ya ce to, Allah ya sa a yi karɓaɓɓe, a tashi a jeru. Alhaji Labbo ya bari kowa ya wuce, har samarin da ya yi jika da su, sannan ya shiga ƙarshen layi. Malamin na faɗin addu'ar suna maimaitawa, shi ma yana maimaitawa, kansa a ƙasa.