Baba Mahadi da Ramukan Tungar Baushe

Da Baba Mahadi ya ce zai bar Makka, mutanen unguwar Zahir sun ɗauka rikicin tsufa ne. Wasu na sayar da gona don su zo su mutu a nan, shi kuwa yana neman komawa Tungar Baushe, ƙauyen da rabonsa da shi tun zamanin Turawa.

Yana ɗan saurayi ya bi fatake zuwa ƙasar Gwalkwas, ya shiga aikin ramin zinariya na Turawa. Shi ba haƙa yake yi ba, yana cikin masu tokare rami da itace don kada ƙasa ta rufto. Daga can ya yo gabas, ya daɗe a Sudan, ya haye teku ya yi hajji, ya zauna. Matarsa ta rasu ta bar masa maza biyu: Lurwanu, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da Rakan, direban motar alhazai, wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa.

Abin da ya tayar da shi waya ce daga ƙanwarsa Zali. Zinariya ta bayyana a bayan gari, samari sun bar noma sun koma haƙa. Rami ya rufta da jikanta, aka kwana biyu kafin a ciro gawarsa.

Baba ya tambaye ta, "Da me suke tokarewa?"

Ta ce, "Yaya, wace tokara? Da addu'a suke shiga."

Bayan la'asar ya kira 'ya'yansa ya faɗa musu ƙudurinsa. Lurwanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in ka fita ba lalle ka sake shigowa ba. Ga Harami a kusa, ga kabarin Umma a nan."

"Na sani. Na yi ɗawafi har ƙafafuna sun san hanya da kansu. Amma yaran can suna mutuwa a kan abin da na iya tun ban yi gemu ba."

Rakan ya ce, "Halas, shi ke nan, abuya, ni zan bi ka."

"Ba za ka bi ni ba. Nan aka haife ka, nan iyalinka suke. Ni ma ubana bai bi ni Gwalkwas ba. Ku dai ku riƙe juna."

Ranar tafiya Rakan ne ya tuƙa shi zuwa Jidda, Lurwanu na tare da su. Tsohon ya sha farar jallabiya, ya ƙi a riƙe masa jaka. A bakin ƙofar filin jirgi ya dafa kan kowannensu, ya shige bai waiwayo ba. Lurwanu ya yi ta sharar hawaye har suka wuce garin Bahra a hanyar komawa Makka.

Da farko samarin Tungar Baushe ba su saurare shi ba. Suna ce masa Alhaji Balarabe, suna dariyar Hausarsa ta mutanen dā. Bai yi musu da kowa ba. Ya sa aka saro masa itacen kirya, ya ɗaura igiya a ƙugu, aka zura shi cikin ramin wani maraya, ya tokare shi da hannunsa. Da damina ta faɗi, ramukan gefe suka zube, na marayan ya tsaya. Daga nan suka fara zuwa ƙofar Zali da sassafe, suna tsugunawa su gaishe shi.

Wata Juma'a aka turo wa Rakan hoton bidiyo. Ga Baba a bakin rami, ya rame, ya yi baƙi, yana nuna gungume da sanda yana faɗa. "A cire wannan, gara ta ci shi! Wanda ya shiga ban duba ba, ni da shi." Samari cike da wurin, ba mai ko tari.

Rakan ya kai wayar shagon shayi a unguwar Tandabawi, inda dattawan Hausawa ke zama, ya miƙa wa na farko. Ta yi ta zagayawa daga hannu zuwa hannu.

Wani tsoho ya ce, "Wannan ba Mahadi ba ne?"

Rakan ya gyara tsayuwa, ya haɗa Hausarsa a hankali. "Shi ne. Ubanmu ne. Tun da ya je, rami bai ƙara cin kowa ba."

Baba Mahadi ya ga damina uku a can. Zali ta ce ranar jana'izarsa ba wanda ya shiga rami, har mahaƙan ƙauyukan maƙwabta sun zo da ƙurar aiki a jikinsu, suna rige-rigen ɗaukar makara.