Sunana a Katin Gidanmu

Shekara biyu ina koyar da Faransanci a Katsina, ana yanke mini haraji daga albashi. Da na zo hutu garinmu Kona, mai gari ya aiko karɓar lanho, wato harajin kai, kuma sunana na cikin katin gidanmu.

Na ce, "Baba, na biya can. Wallahi ba zan biya sau biyu ba."

Sau huɗu ina zuwa ofishin lanho na Tasawa da takarduna don a cire sunana, ina wuni kan benci. A na huɗun ma'aikacin ya ce, "Malama Furera, ai an biya naki tun makon jiya."

Sai da na dawo na lura turken akuyar Baba wayam yake. Ya sayar da ita don kada a kira sunan gidansa gaban jama'a. Na kasa haɗa ido da shi.