Notin da Baba Aaron Ya Liƙe

Tun da hantsi Baba Aaron, tsohon soja, ya kasa zama. Ya zagaya akori-kurarsa, ya leƙa ƙasa, ya koma ya duba reshen mangwaron da aka rataya sarƙa a kai. Ranar Asabar za a ɗaura auren 'yarsa Leah a Mahuta, kuma ya rantse a gaban dangi cewa wannan motar ce za ta kai kayan amarya. Ga shi Laraba, injin ya buga.

Muntaka bakanike yana kwance ƙarƙashin motar. Ya zubar da baƙin mai, ya cire lagireto, ya raba injin da giya. Noti ɗaya ya rage, ya ƙi motsi.

"Malam Muntaka, hadari fa na haɗowa."

"Na gani, Baba Soja. Matsa mini, kana tare haske."

Ya matsa taku biyu, ya dawo. Matarsa Beatrice ta ajiye masa kunu a kan turmi, ko kallo bai yi ba.

Muntaka ya ɗora bututu a kan sifana, ya danna har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Can ya fito yana haki.

"Wa ya taɓa wurin nan? Walda aka yi."

Baba Aaron ya sosa ƙeya. "Ni na sa aka yi. Shekara tara ke nan, a hanyar Kanya. Yana ta kwancewa, ga buhunan dawa a baya."

"Tun safe kana kallona ina fama!"

"Na zaci zai saki."

Sai da aka sa zarto. Suka ja sarƙa tare, reshen yana ƙara, injin ya taso yana lilo. Suna sauke shi a kan tsohuwar taya yayyafi ya fara.

Muntaka ya goge gefen injin da tsumma, ya bi wata tsaga da farce, doguwa kamar kamu ɗaya.

"Baba Soja, wannan ba aikin kwana uku ba ne. Jikin ne ya tsage."

Baba Aaron ya daɗe yana duban ramin da injin ya bari.

"Baban Leah," in ji Beatrice, "motar ƙanenka Philip lafiyarta ƙalau."

Shekara biyu ba sa ga-maciji da Philip, kan iyakar gona. Baba Aaron ya ɗauki hularsa, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ku rufe injin da tamfol," ya ce, ya fita cikin ruwan, ya nufi gidan Philip.