Ranar da Albasata Ta Shiga Layin Zaɓe

A daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu idona bai daina yaji ba.

Bari in fara gaya muku halin da na kwanta a ciki. Ni ne Alhaji Ɗan'azumi, sana'ata kai albasa ƙasashen maƙwabta. Yau kwana tara motata tana tsaye a bakin iyaka maƙil da kaya, direbana Jatau yana shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. Wai ana jiran a ga yadda za ta kaya da yarjejeniyar ciniki ba haraji tsakanin ƙasashe. Ita kuwa albasa ba ta iya jira ba.

Sai kawai na gan ni a bakin iyakar da hantsi. Ashe iyakar ƙofa ce guda ta katako, tsaye a tsakiyar fili, ba katanga ta hagu, ba ta dama. Kowa zai iya zagaye ta ya wuce, amma ba mai yi, don an ce rashin tarbiyya ne. A gindin ƙofar wata akuya ce zaune a tebur da tabarau, tana tauna takarda a natse.

Na ce, "Ranki ya daɗe, me ake ci?"

Ta ce, "Yarjejeniyar ce muke nazari. Na kai shafi na arba'in."

"Yaya kika same ta?"

"Gishiri ya yi mata kaɗan. Ka tafi filin zaɓe, yau jam'iyya ke fid da ɗan takarar shugaban ƙasa. Wanda ya ci, shi zai ce a buɗe ko a rufe."

Na waiwaya in kira Jatau, sai na ga albasata duk ta sauko daga mota, kowace da 'yar hularta. Wata ƙatuwa da ke gaba ta gyara murya ta ce, "Alhaji, mu je. Ai mu ma daliget ne." Ban ga abin musu ba, na shige gaba suka biyo ni suna mirginawa.

A filin zaɓe ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya yi sama, don haka kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki. Zaɓen ƙato bayan ƙato ne, wanda kake so ka je ka tsaya a bayansa a ƙirga ka.

'Yan takara uku ne. Na farko, Dakta Gwadabe, ya farke duk aljihun rigarsa don a san da gaske yake. Ya ce, "Ni buɗewa zan yi. Iyaka, taga, murfin tukunya, komai. Albasarku ta fita, shinkafar waje ta shigo." Yana magana, makullansa da goronsa suna zuba ƙasa. Albasata ta yi ta tafa masa, ban san da me ba.

Na biyu, Kanar Tanimu mai ritaya, ya ɗaura kwaɗo a bakinsa, ta ramin makulli yake jawabi. Ya ce, "Abin da muka noma shi za mu ci. Wanda ba mu noma ba, mu manta da sunansa."

Har na ɗaga ƙafa zan nufi layin Dakta, sai na hango Yaya Kuluwa a bayan Kanar. Yayata ce, ita ta goya ni, kuma shekara ashirin tana turara shinkafar gida tana kaiwa kasuwa. Buhunanta suna tsaye a bayanta, kowane ya yafa gyale.

Ta ce, "Ɗan'azumi, in aka buɗe ƙofar nan, wa zai kalli tawa?"

Na ce, "Yaya, in aka rufe, tawa ruɓewa za ta yi."

Ta ce, "To ai kai ne ƙarami."

Gaskiya raina ya sosu. Na tsaya tsakanin layi biyu da ƙafa ɗaya a sama, ruwa yana shiga mini ta ƙafar wando.

A nan na lura da na uku, Sanata Nomau. Shi a kan kujerar ofis mai juyawa yake zaune, raguna biyu suna tura ta ba tsayawa. In ya fuskanci gabas sai ya ce, "A buɗe mana!" Kafin ya kai yamma ya ce, "Wa ya isa ya buɗe?" Kudu da arewa kuwa murmushi kawai yake raba musu.

Wani zalɓe ne malamin zaɓe. Ya zo da dogon wuyansa ya fara ƙirga. Da yake Sanata juyawa yake yi, ba wanda bai zama a bayansa ba. Aka ƙirga masa ni, aka ƙirga masa Yaya Kuluwa da buhunanta, aka ƙirga masa Dakta da Kanar. Wasu ma sau uku suka faɗa. Zalɓe ya ce Sanata ya ci da ƙuri'un da suka fi mutanen ƙasar yawa, aka yi guɗa.

Na ce to madalla, an samu mai ba da amsa. Na ruga in tare shi ta gaba in tambaye shi, buɗewa ko rufewa? Na zagaya kujerar nan sau bakwai, babbar rigata tana harɗe ni, duk inda na ɓullo sai ƙeyarsa.

Ina haki, ƙatuwar albasar nan ta ja ni ta gefen riga. "Alhaji, hular ta ƙi zama."

Na duba. Hulunansu duk sun ɗaga sama, koren tsiro ya turo su. Wasu har sun fara laushi ta gindi. Hawaye ya zo mini, ba na yaji ba.

Ta ce, "Kada ka damu, ba laifinka ba ne. Su shekara huɗu suke da ita, mu kwanaki ne da mu."

Sai ga Yaya Kuluwa ta girka tukunya a tsakiyar filin, ta kwance bakin buhu. Ta ce, "Tunda ba mai juyowa ya dube mu, miƙo albasar nan a yi dafa-duka." Albasa suka shiga layi da kansu, wannan karon a bayanta, ba mai ture wani.

Ƙamshi ya fara tashi ke nan, injin markaɗen maƙwabta ya tashi da ƙararsa, na buɗe ido. Gari ya waye.

Na lalubo waya na kira Jatau. Ya ce, "Alhaji, ta fara tsira fa. Amma an ce gobe za a buɗe."

"Wa ya ce?"

"Wani babban mutum ne ya zo. Ban ga fuskarsa ba, bayansa kawai na hango yana shiga mota."

Na ce, "Jatau, juyo da motar nan mu sayar a gida. In ka shigo gari, ka biya ta ƙofar Yaya Kuluwa ka sauke mata buhu biyu."