Kuloci a Hanyar Fagada

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama George, motarsa ta koma hannun matarsa Dorcas. Shi malamin gona ne, mutumin Zonkwa, aiki ya kawo shi ƙasar Aliero tun yana saurayi, ita kuma ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti. Ciwon ya kashe masa hannun dama, ya bar ƙafar dama tana jan ƙasa, ya kuma tafi da mafi yawan maganarsa. Mutumin da a da yake tara manoma gindin tsamiya ya yi ta bayani har rana ta karkata, yanzu sai ya daɗe yana laluben kalma ɗaya a baki.

Dorcas da furfurarta ta koyi tuƙi, kuma ba ta taɓa sakin jiki da shi ba. Sa giya ne ya fi firgita ta. Kullum ƙafarta ta hagu na kan kuloci, rabi a take, don kada wani abu ya zo mata ba shiri.

Wata safiyar Asabar, damina na bankwana, ta same shi zaune a ƙofar ɗaki yana kallon sama. Gajimare farare ne, marasa ruwa, suna tafiya kamar ba su da inda za su.

"Fagada," ya ce.

Ta ajiye tsintsiya. "Fagada kuma, Baban Rita?"

Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya lanƙwasa yatsu ƙasa a hankali. Ta gane. Haka zangarniyar shinkafa take sunkuyawa in ta nuna. A fadamar Fagada ya yi aikinsa na farko, rabonsa da can kuwa an daɗe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko masa hularsa da makullin mota.

Sun kusa Jega, a wani ɗan hawa, ta so wuce wata babbar mota da ta ɗauko itace. Ta taka totur. Injin ya ɗaga murya, ya yi ta kuka, amma motar ba ta ƙara ko taku ba. Gonakin dawa na gefen hanya suka ci gaba da wucewa sannu sannu yadda suke yi ɗazu, sai ta ji kamar irin mafarkin nan da mutum ke zuba gudu alhali yana wuri ɗaya. Wani ƙauri ya cika motar, kamar tsumma ya faɗa garwashi.

George ya shaƙi iskar, ya rufe ido. "Kalilu," ya ce.

Garejin Kalilu na gindin wasu manyan dogonyaro a bakin garin Jega. Shi ne makaniken George tun motar na sabuwa. Da ya hango su ya jefar da sufana, ya zo da kansa ya buɗe ƙofar, ya kama hannun George na hagu da hannuwansa biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Malam Joji! Ashe rai kan ga rai. Maman Rita, sannu da hanya. Mi ya samu tsohuwar motar ga?"

Ta faɗa masa. Ya shiga, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci. Motar da ya kamata ta zabura ta mutu nan take, sai ta ci gaba da gunjinta kamar ba a yi mata komai ba. Ya buɗe bonet ya sassauta wayar kulocin, ya sake gwadawa. Duk ɗaya.

"Faifan kuloci ya cinye," in ji shi. "Sai mun sauke giyabos. Maman Rita, in kina tahiya, ina kike aje ƙahwar hagu?"

"A kan kuloci mana. In na ɗauke ta, sai in ji kamar motar za ta tafi ta bar ni."

"To shi na. Faifan ga tsakanin inji da giya yake. In kin taka, ki taka duka, in kin saki, ki saki duka. In kika riƙe shi rabi, gogawa yake yi har ya ƙare. Ba komi, yau za ku kwana gida in Allah ya so."

Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa, aka kawo wa George benci ya jingina da itace. Kalilu ya hau babur ya shiga kasuwa neman sabon faifai, ya dawo da shi a kwali, haɗe da ƙwaryar fura da matarsa Rahma ta dama. Shi da ƙanensa Faruk, wanda suke garejin tare, suka ɗaga motar suka shige ƙarƙashinta. Notuna suka riƙa faɗowa cikin wani tsohon kwano ɗaya bayan ɗaya. Da tsohon faifan ya fito, Kalilu ya kawo wa George shi. Ya siɗe, ya yi sumul yana ƙyalli, har kawunan ƙusoshinsa sun bayyana. George ya ɗora shi a cinya yana shafawa da babban yatsa.

Furar ta yi wa Dorcas nauyi. Ta yi matashi da jakarta ta kishingiɗa. Hasken rana na tsiyayowa ta cikin ganye yana yawo a fuskarta, wata kurciya na kuka a sama, daga ƙarƙashin motar kuma ana jin Faruk na goge fuskar ƙarfen da faifan ke kamawa, shuu, shuu, kamar mai sheƙe hatsi. Ba ta san lokacin da ƙarar ta zama ta ruwa ba.

Ta ga motar a tsakiyar fadama, ba taya, tana yawo kan shinkafa kamar kwalekwale. Zangarniya na shafar ƙofofi. George ne a sitiyari, da baƙin gashinsa da farar rigar nan mai aljihu biyu da ya zo neman aurenta da ita, yana ta zuba magana, yana kiran sunayen irin shinkafa ɗaya bayan ɗaya, kowane suna in ya fito bakinsa sai ya zama balbela ya tashi. Matan da ta karɓi haihuwarsu suna tsaye cikin ruwa har gwiwa, da jarirai a baya, suna ɗaga musu hannu. Ta so ta ce masa ya rage gudu, sai ta lura ba gudu suke ba, ruwa ne ke ɗauke da su, kuma babu abin takawa ko kaɗan a ƙarƙashin ƙafarta. Ta miƙe ƙafafun. Ta ji daɗin miƙe su har cikin ƙashi.

"A hankali," in ji George. "A hankali. Hagu kaɗan."

Ta buɗe ido. Inuwa ta matsa gabas, maganar kuma ba a mafarki take ba. Bencin babu kowa. George na zaune a ƙasa kusa da motar, ya miƙe matacciyar ƙafarsa, wandonsa duk baƙin mai, hannunsa na hagu na riƙe da sandar jak ɗin da aka ɗora giyabos a kai. Kalilu da Faruk na ciki suna kokawar daidaita bakinsa da inji, shi kuma daga inda yake yana hango ratar da su ba sa gani.

"Sama... kaɗan. Tsaya."

Ya danna sandar sau ɗaya. Ƙarfe ya shige ƙarfe da wata ƙara mai taushi.

"Ya zauna!" Kalilu ya yi ihu daga ƙasa. "Malam Joji, gobe ka taho aiki da sahe!"

George ya yi dariya, rabin bakinsa na binta, rabi ya tsaya. Dorcas ta juya fuska wajen itacen ta goge ido da gefen ɗankwalinta, ta zauna haka har aka gama ɗaure notuna.

Bayan la'asar aka sauke motar. Kalilu ya zagaya da ita ya dawo, ya miƙa mata makulli.

"Kamar amarya. Amma ƙahwar nan, Maman Rita, ki ba ta wurin zama a ƙasa."

Ta shiga, ta tayar. Kulocin ya yi mata wani iri, yana kamawa tun daga ƙasa, motar ta zabura ta mutu. Ta sake tayarwa, ta sake mutuwa. Tana shirin kai hannu ga giya karo na uku ta tarar da hannun George a kai. Daga kujerar da yake, hannunsa mai lafiya ne ke kusa da sandar.

"Taka," ya ce.

Ta taka har ƙasa. Ya tura giya.

"Saki."

Ta saki sannu, motar ta ɗauka. Da suka hau kwalta ya karkata kai yana sauraron injin, ya sake cewa taka, ya ja ta biyu, ya ce saki. Ta ɗauke ƙafar gaba ɗaya ta ajiye a ƙasa. Ƙafar ta riƙa rawa ita kaɗai, tana neman komawa, Dorcas ta danne ta. Ta uku ta shiga ba ta ma ji ba. Ta dubi hanyar gida, ta dube shi, ta juya kan motar zuwa Fagada.

Rana ta yi laushi sa'ad da suka bar kwalta. Hanyar ƙasa ce, ga ramuka cike da ruwan sama, kowanne da guntun gajimare a ciki. Ita ke kaucewa da sitiyari, shi ke sauya giya, har suka daina magana, in ya ɗaga yatsa sai ta taka. Fadamar ta buɗe a gabansu gaba ɗaya, ruwan ɗorawa har iyakar gani, iska na bi ta kanta tana kwantar da ita wuri wuri.

Ta kashe mota a bakin wata kunya. Wani dattijo da ke korar tsuntsaye ya tako, da gwangwani a hannu, ya sunkuya ta taga yana ƙanƙance ido. Sai ya saki gwangwanin.

"La ilaha illallahu. Malamin gona? Ni na, Habibullahi, wanda ka hana shuka da wuri shekarar ambaliya! Hito, hito ka ga jikokin irin da ka ba mu."

Suka kama shi, Dorcas ta dama, Habibullahi ta hagu, suka zaunar da shi a kan kunya, suka cire masa takalma. Dattijon ya shiga ya karyo zangarniya ɗaya ya sa masa a tafi. George ya murje ta a gwiwarsa, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza.

"Saura," ya ce, ya tsaya neman kalmar, su kuma suka jira shi. "Saura mako."

"Haka ni ma na ce wa yaran ga, a jinkirta girbi, sunka ƙi ji," in ji Habibullahi. Ya zauna kusa da shi, ya zura ƙafafunsa cikin ruwan, ya fara ba shi labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi aure.