Watan da Mai Hoto Ya Gina a Shago

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Hoto yana kai mutane inda ba su taɓa zuwa ba. A ƙuryar shagonsa akwai labulaye naɗe a kan sanduna, wani mai zanen jirgin sama, wani mai bakin teku, wani mai bene hawa goma. Mutum zai shigo da silifas, ya ari kwat ɗin da ke rataye a ƙusa, ya dafa kujera, bayan kwana biyu ya karɓi hotonsa yana tsaye a gindin jirgi kamar yanzu ya sauka.

Shi ya sa in aka tayar da zancen mutanen nan da aka ce sun taka duniyar wata, ko kai ba ya ɗagawa. Cewa yake yi mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan aikinsu ne na masu hoto, baƙin labule ne da yashi da fitila. Yakan ce a nuna masa tauraro ɗaya a hotunan. Yakan tambaya me ke kaɗa tuta a inda aka ce babu iska, kuma me ya sa inuwar wannan dutse ta yi gabas, ta wancan ta karkace. Ya faɗa wa masu jiran hoto, ya faɗa wa tela maƙwabcinsa har telan ya haddace, in ya fara sai ya ƙarasa masa.

Ranar da abin ya juyo kansa, matarsa ce ta kawo masa abincin rana da kanta, ta ajiye kwanon, ta ƙi tafiya. Ta ce Auta ta zo gida jiya idanunta jajur. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata da ke bayan kasuwa. Tana cikin darasin wata ne wata ɗaliba ta miƙe ta ce ai ƙarya ne, babu wanda ya je, kuma a bakin mahaifin Malama ta ji, ranar da ta je ɗaukar hoton jarrabawa. Aji ya kwashe da dariya. Tun daga ranar, duk abin da Auta ta rubuta a allo sai wata ta ce a je a tambayi Baba tukuna. Mako uku ke nan. Yanzu tana shirin roƙon shugabar makaranta ta ba wani malami ajin, aji kuwa da ta raina tun suna shekarar farko.

"Ba ta gaya maka ba don ba ta son a ce ta yi musu da ubanta," in ji matar. "Amma magana zarar bunu ce, Baban Auta. Kai ka zara, ita ruwa ke duka."

Ya ture kwanon gefe. Ya ce shi bai aiki kowa ya yi wa 'yarsa dariya ba, amma gaskiya ba ta zama ƙarya don wani ya ji ciwo. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani ba zai hango ba. A ba shi mako guda, zai gina wata a cikin shagon nan, ya ɗauki hoton da ko uwar wata ba za ta bambance ba. In Auta ta gani da idonta sai ta daina koyar da abin da bai faru ba, yaran ma su daina dariya, tun da gani ya kori ji. Matar ta ɗauki marfin kwanonta ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ya san ba fatan sa'a ba ce.

Washegari ya sa aka wanke masa hotunan watan manya guda biyar, ya manna a bango. Ya samo yashi bokiti huɗu a inda ake gini, ya tankaɗe toka ya gauraya har launin ya yi daidai, ya zuba a kan teburin da ya haɗa da katako, ya dasa tsakuwa. Ya rataya baƙin labule a baya. Tela ya ɗinka wa wata 'yar tsana farar riga mai kumburi, yana ɗinki yana cewa yau ga Sarkin Ƙarya zai yi ƙaryar da ta fi ƙarfinsa.

Ya kunna babbar fitilarsa ya leƙa kyamara. Yashin da ke kusa da fitilar ya ƙone fari fat, na baya ya dushe ya shige duhu. Ya dubi hoton bango. A can hasken iri ɗaya ne tun daga ƙafar mutumin har tuddan da ke can nesa. Wannan ba matsala ba ce, in ji shi, sai ya ƙara fitila ta biyu a baya. Ƙasa ta haskaka, amma 'yar tsana ta yi inuwa biyu. Ya ƙara ta uku don ya kashe ta biyun, kowace tsakuwa ta fitar da ƙafafu uku kamar murhu. A hoton bango kuwa kowane dutse inuwarsa ɗaya ce tal, baƙa, mai kaifin baki. Ya koma kan fitila ɗaya, ya riƙa ja da ita baya, yana ja yana leƙawa, har gadon bayansa ya daki ƙofa. Shago ya ƙare, hasken bai daidaita ba.

Kwana biyu yana wannan. Ya san amsar tun ranar farko, don wanda ya shekara arba'in yana jan fitila ba ya bukatar a gaya masa: fitilar da ke shimfiɗa haske ɗaya a kan fili mai nisan tafiya, ta bar wa kowane abu inuwa ɗaya, ita ce wadda ba mutum ya kunna ba. Amma sanin abu daban, faɗinsa daban.

Rana ta uku da la'asar ya sa aka taya shi fitar da teburin waje. Nan take hasken ya zauna yadda yake so. Yana gyara tsayuwa sai idonsa ya sauka a kan titi ta cikin kyamarar. Inuwoyin turakun lantarki sun kwanta a kan hanya, kuma ba su jeru ba. Ta kusa ta miƙe, ta gaba ta faɗa kwata ta karye, ta can nesa kamar ta nufi wani wajen. Rana ɗaya ce a sama, ƙasa ce ba ta daidaita ba, ido kuma yana tattara abin da ke nesa. Ya daɗe a tsaye bai danna kyamarar ba. Iska ta taso ta kwashi tokar ta watsa masa a fuska, ya shiga tari. Ya tuna wani ɗan fim da aka taɓa nuna masa a waya, inda ƙura ke tashi daga tayar motar mutanen a kan wata ta koma ƙasa kai tsaye kamar an watsa hatsi, ba ta tsaya a sama ba. Tasa tokar kuwa har lokacin tana yawo a ƙofar tela.

Tela ya fito yana kakkaɓe hula, ya bi shi cikin shago don ya yi masa tsiya, sai ya tsaya a gaban hoton da ke da tuta. Ya sa tabarau ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar.

"Tsoho, shekara nawa kana ce min tutar nan kaɗawa take yi?"

"Ga ta nan kana gani."

"Ban taɓa ganinta da girma haka ba. Dubi bakinta na sama. Kalmasa ce aka yi mata aka zura sanda, irin yadda nake yi wa labulenka. Wannan yamutsewar kuma ta ninki ce, kaya ne da ya daɗe a naɗe bai ga guga ba. Wanda ya zura sandar nan ya san inda za a kai ta babu iskar da za ta ɗaga ta."

Mai Hoto ya ce masa ya koma kan kekensa, allura ba ta san sama ba. Tela ya fita yana dariya, yana cewa ita dai ta san kalmasa.

Saura taurari, kuma a kansu ya kafe. Da yamma a gida ya ce wa matarsa komai ma a bar shi, amma sama babu tauraro ko ɗaya, wannan labule ne. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ta yi ta bincike, ta fito da wani hoto da gefensa ya fara ja. Auta ce tana 'yar shekara tara, cikin farar rigar makaranta, tana rungume da littafin da aka ba ta kyauta ranar da ta zo ta ɗaya. An yi taron a filin makaranta bayan faɗuwar rana, an kunna fitilu.

Ta tambaye shi ko ya tuna hanyarsu ta dawowa. Ya tuna sarai. Ya ɗora yarinyar a wuya, tana ƙirga taurari har ta kai ɗari ta ɓace, ta sake farawa. Sama a cike take ranar.

"To ina suke?" Ta miƙa masa hoton.

Bayan kan Auta baƙi ne wuluk kamar gindin tukunya. Shi ya ɗauka da hannunsa. Shi ya tsuke idon kyamarar don kada farar rigar ta ƙone a hasken fitila, kuma idon da aka tsuke saboda abu mai haske ba ya kama ɗan ƙyallin tauraro. Abin da yake koya wa duk wanda ya zo koyon aiki ke nan a makon farko. Mutum a kan wata cikin fararen kaya, a tsakiyar rana, a kan ƙasa mai ƙyalli, ko shi aka ba kyamarar haka zai tsuke ta.

Ya riƙe hoton ya daɗe yana kallon 'yar fuskar. Wanzami ba ya son jarfa, shi da ya saba gyara wa mutane zama da tsayuwa yau ga shi za a gyara masa magana. Ya ce wa matar, a hankali, shekara arba'in yana faɗin abu ɗaya a bakin titi, da wane baki zai warware. Ta ce da bakin da ya ɗaura. Ta ƙara da cewa girman kai rawanin tsiya ne, kuma yarinyar jibi za ta shiga ofishin shugaba.

Bai aika wa Auta ba. Da safe ya sa rigarsa ta fita, ya ɗaure fitilu biyu da 'yar tsana da hotunan a jaka, ya je ya nemi izini a wajen shugabar makaranta. Da ya tsaya a ƙofar ajin, alli ya kusa faɗuwa daga hannun Auta. Ta taho da sauri ta rusuna ta ce, Baba, lafiya? Ya ce lafiya lau, aron ajinta ya zo yi na ɗan lokaci in ta yarda. 'Yan matan sun fara taɓa juna suna murmushi, sun ɗauka Baba ya zo ƙarasa abin da ya fara.

Ya sa aka rufe tagogi. Ya tsayar da 'yar tsana a kan teburin Malama, ya kunna fitila ɗaya, ya kunna ta biyu, ya ce su ƙirga inuwa. Ya zagaya da hoton watan su ƙirga tasa inuwar. Ya nuna musu kalmasar tuta, ya ce wannan ba shi ya gano ba, wani tela ne mai surutu. Sannan ya ɗaga hoton yarinya mai farar riga, ya ce su nemo masa tauraro. Wata ta gane fuskar ta ce lah, Malama ce, aka yi dariya, amma ba irin waccan ba.

"Wacce ta ce a bakina ta ji, ba ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Ni na faɗa. Na yi ƙoƙarin haɗa hoton nan da hannuna, da duk abin da na sani, na kasa. Abin da na gaya muku kuskure ne, abin da malamarku ta gaya muku shi ne daidai. Wadda ke da sauran dariya ta zo shagona ta yi mini, can ne gidanta."

Can sai yarinyar da ta fara tayar da zancen ta ɗaga hannu, murya ƙasa ƙasa, ta tambaya to in sun je, me suka bari a can da za a iya tabbatarwa yau. Mai Hoto ya ce nan iyakar saninsa ke nan, shi fitila ya sani. Ya juya ya dubi 'yarsa.

Auta ta share ido da gefen mayafi, ta juya ga allo. Ta zana ƙasa, ta zana wata, ta ja layi tsakaninsu. Ta fara bayanin madubin da mutanen suka ajiye a can, wanda har yau masana ke harba masa haske daga nan duniya ya dawo, su auna nisan da shi. Biro ya fara motsi a kan littattafai.

Shi kuwa bai fita ba. Ya tattara wayoyin fitilunsa, ya je can baya inda wata ɗaliba ta matsa masa, ya zauna a kan bencin da ya yi masa kaɗan, gwiwoyinsa sun tokare tebur. Da ta kai inda ta ce hasken yana zuwa ya dawo kafin mutum ya ƙirga uku, sai ya ga abin ya yi masa sauri. Ya ɗaga hannu kamar yadda ya ga yaran suna yi, ya jira har ta ba shi izini, ya ce ta maimaita wannan wajen, bai kama ba.